Lambar Da Ta Ƙi Sauyuwa

Manajan ɗakin sanyi mutum ne marar imani. Ya kama wani lebura yana gyangyaɗi, ya tura shi cikin naman da ke rataye, ya kulle ƙofa. "Sha iska ka wartsake," in ji shi. Ya tafi gida ya manta. Da safe gawa aka fitar.

Amma na'urar da ke jikin bango ba ta mantuwa. Tana ajiye awon sanyi da lokacin kulle ƙofa, kuma gobe masu bincike za su duba ta. Don haka manaja ya dawo da dare, ya haska tocila, yana danna maɓallai yana sauya lambobi. Duk wadda ya sauya, sai tsohuwar ta dawo.

"Ranka ya daɗe, ba haka ake yi ba."

Wani ne tsaye a bayansa, haƙoransa na karkarwa. Manaja ya ɗauka sabon mai gadi ne.

"Ka iya ta? To matso mana, wawa!"

"Sai an danna an riƙe take karɓa. Ni na ƙware. Kwana na yi riƙe da maɓallin ƙararrawa na ciki, ba wanda ya zo."

Hannu ya ratso ta kan kafaɗar manaja, sanyinsa ya huda riga. Yatsun ba farce ko ɗaya, ƙanƙara ta daskare a gaɓoɓinsu.

"Bari in sa maka lokacin da za a kulle ƙofar da kai a ciki yau."