Ɓarawon da Ya Shafa Giris

Sufeto Abdulfattah bai ko zauna ba da safiyar Alhamis, Alhaji Gana ya faɗo caji ofis yana haki. Duk Haɗeja babu wanda bai san tsohon nan ba, saboda tsohuwar motarsa Bosuwaja ƙirar kunkuru, wadda yake gogewa kullum kamar takalmin sallah.

"Sun kashe ni, Sufeto! An kwance mini durom ɗin birki na gaba, duka biyun. Gobe zan kai jikata Zaituna ɗakinta a Auyo. Motar nan ita ta kai uwarta, ita ta kai kakarta!"

"Wa kake zargi, Alhaji?"

"Abdulganiyyu ɗan gwangwan. Kullum yana zagayen motata kamar kura ta ga akuya."

Sufeto ya tura a ɗauko ɗan gwangwan, shi kuma ya bi Alhaji gida.

Ya ga sata iri-iri a aikinsa, amma wannan ta sa shi riƙe baki. An ɗora gaban motar kan bulo daidai wa daida, an jingine tayoyin da bango. Notika na jere cikin murfin taya. An wanke boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, an shafe shi da sabon giris, an naɗe a tsumma mai tsabta don kada yashi ya shiga. Ko tabon guduma babu.

"Wannan ɓarawo ya fi wasu masu gyara kirki," in ji Sufeto.

Ya ɗauki babban notin da ke riƙe durom ɗin hagu, wato kwanon ƙarfen nan da birki ke kamawa, ya gwada mayar da shi. Ya ƙi shiga. Sai da ya juya shi baibai sannan ya tafi sumul.

A ofis, Abdulganiyyu ya rantse yana garin Malam Madori tun shekaranjiya.

"To wa mai shayin unguwar ya gani jiya yana leƙen garejin Alhaji?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, ranka ya daɗe. Kallo kawai nake yi."

"Da kai ne, yaya za ka cire durom?"

"Guduma mana. Ni ƙarfe nake saye, ba kyau ba."

Sufeto ya yarda da wannan, amma ya ce a riƙe shi tukuna. Ya wuce garejin Ja'afaru, makaniken da ke duba motar yanzu.

"Yaya ake kwance notin hagu na gaban kunkurun Alhaji?"

"Kamar kowane noti, yallaɓai."

"Ka taɓa buɗe birkinta?"

Ja'afaru ya sosa ƙeya. "Na gaya wa Alhaji na duba. Gaskiya mai kawai nake canzawa. Birkin nan Baba Shu'ibu ne ya san kansa, kafin su ɓata da Alhaji bara."

Baba Shu'ibu Bafillace ne, tsohon makanike da ya ajiye sifana. Sufeto ya same shi a ƙofar gidansa na bakin kogi, ga Alhaji Gana ya nace sai da ya biyo.

"Ni? Dubi hannuna, ɗana, rawa yake yi. Ko kofin shayi da ƙyar nake riƙewa."

Sufeto ya duba kuwa. Hannun na rawa, amma ƙarƙashin farce akwai giris ɗanye. Tsumman da ke kafaɗarsa kuma yagen zanen nan ne da aka naɗe boris da shi.

Ya ce da kofur ɗinsa da ƙarfi, "Je ka mayar da notin hagu, ka ɗaure shi dama da dogon sifana, ko ya ƙi."

"Kai! Kada ka kuskura!" Tsohon ya miƙe zumbur. "Baibai yake shiga, za ka cinye masa haƙora!"

Sai ya farga da abin da ya faɗa. Ya dubi Sufeto, ya yi dariya. "Ka kama ni, ɗana."

Ya shiga rumbu ya fito da durom biyu, a wanke tas. Alhaji Gana ya fara kumfar baki.

"Amana ke nan, Shu'ibu? Ashe Bafillace ko ya bar shanu bai bar hali ba!"

"Rufe mini baki, Babarbare mai taurin kai. Saurara."

Ya rataye na dama a yatsa ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya yi ƙara rau, kamar ƙararrawar makaranta. Ya ƙwanƙwasa na hagu. Sai wani ɓas, kamar fasasshen tulu. Ya nuna musu tsaga siririya da ta ratsa cikinsa.

"Tun bara na gaya maka ya tsage. Ka ce hassada nake yi, ka ɗauke motarka. Hanyar Auyo yanzu ruwa hagu ruwa dama, ka ɗauki amarya da ƙawayenta, ka taka birki ya fashe. Ni na yi wa yarinyar nan huɗuba, Gana."

"Me ya sa ka ɗauke biyun, Baba?" Sufeto ya tambaya.

"Da na ɗauki ɗaya, ai nan take zai san ni ne."

Alhaji Gana ya karɓi sifanan ya ƙwanƙwasa da kansa. Ya sake. Idonsa ya kawo ruwa.

"Na janye ƙara, Sufeto."

"Sai a ofis, Alhaji. Akwai bawan Allah a tsare saboda wannan aiki, kuma Baba ne zai wanke shi da bakinsa."

"Gaskiya ne," in ji Baba Shu'ibu. "Haƙƙinsa na wuyana. Mu je."

Sufeto Abdulfattah bai taɓa jin ya girmama mai laifi haka ba. Ya hana kofur fito da ankwa, ya buɗe wa tsohon ƙofar gaban motar 'yan sanda da hannunsa. Alhaji Gana na tsaye rungume da fasasshen durom, babbar rigarsa duk ta ɓaci, yana faɗin gobe sai dai a nemo wa amarya motar haya.

Motar ta fara tafiya ke nan Baba Shu'ibu ya leƙo ta taga.

"Gana! In ka bar yashi ya shiga boris ɗin nan kafin in dawo, ni zan kai ka ƙara!"