Tagullar da Awaisu Ya Binne a Zaure

Duk wanda ya wuce ƙarfen sabis na waya da ke gefen Karaye, ya duba gindinsa. Akwai tagulla da ta sauko tun daga ƙololuwa ta nutse a ƙasa. Aikinta ɗaya ne: in tsawa ta faɗo, ta ja ta ƙasa kada ta ƙone janareta da batura.

Awaisu ya san haka sarai, don shi ne maigadin wurin. Kullum yana buɗe ƙofa ga masu kwangilar man janareta, su shige da motoci, shi ya shaƙi hayaƙi. Abin ya ci masa rai.

Da rana tsaka ya tafi wurin boka Sulle, a wani busasshen rafi bayan Rogo. Kogon kuka ne. Ga baƙar tukunya tana tafasa babu wuta, ga ƙahonni naɗe da jan ƙyalle, ƙuda ko ɗaya babu.

"Baba, na gaji da buɗe wa wasu ƙofa."

"Arzikin da kake so daga sama yake faɗowa, kuma da nauyi. Ina zai sauka?"

"Gidana mana!"

"Kai ka faɗa. Yanko tagullar gindin ƙarfenku ka kawo."

"Ni fa ba na ba da mutum."

Sulle ya yi dariya. "Wa ya tambaye ka mutum, maigadi?"

Ya kawo. Sulle ya tsoma ta a tukunyar, ya ce ya binne a zaurensa.

Kafin kaka kwangilar man janaretocin yankin ta dawo hannun Awaisu. Ga tanka, ga bene.

Sai 'yarsa Munawwara ta faɗi matacciya tana shanya, sama fes babu hadari, tafin ƙafarta a ƙone. Ƙaninsa Lukumanu ya bi ta, a kan tabarma. Matarsa Turai ta daina magana, sai gurnani irin na janareta, tana dafe bango.

A lokacin ne wawan ya tuna aikin tagulla. Ya ɗauki diga ya fasa zaure. Ashe tagullar ta yi saiwa, ta ratsa ƙarƙashin kowane ɗaki. Jijiya mafi kauri ɗakinsa ta nufa.

Yanzu yana yawo a kasuwar Karaye da robar taya ɗaure a ƙafa don tsoron tsawa, ko sallah ba ya yarda goshinsa ya taɓa ƙasa.

Kai mai haɗama, ka ji da kyau. Abin da ka kira ba ta hanyar Allah ba zai zo, amma ta jikin iyalinka zai bi.