Yatsa a Kafaɗa

"Muryarki na rawa, Machteld."

A gaban kowa Wannes ya faɗa, hannunsa na kan kafaɗata.

Mu takwas ne muke rera tsofaffin waƙoƙin coci a garin Mechelen, ba ganga ba molo. Littafi ɗaya babba muke kallo, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa yana buga masa lokaci da yatsa. Wannes ne shugabanmu, a bayana yake tsayawa. Da wannan yatsa ya fara nemana tun kafin bakinsa ya iya.

Dokar waƙar guda ce: murya miƙaƙƙiya, kada ta wani ta fita daban.

"Mura ce," na ce.

"Ayya 'yar'uwa, wace irin mura tun bara?" in ji Griet, abokiyar waƙata. "Ni tausayinki nake ji."

Tausayin nata ya kai har ta haddace layina na waƙar kaf. Ranar Wannes ya ba ta gurbina.

Da aka tashi, Wannes ya saya mini soyayyen dankali a bakin kasuwa, ya miƙo zobe.

"Masoyiyata... ki aure ni."

"In koma gurbina?"

"A'a."

"To me kake so?"

"Ke nake so. Waƙar ce ba ta son muryarki."

Mama ta ji labari ta tafa hannu.

"Dama na faɗa miki! Mai yi wa waƙar matattu bauta ina ya san darajar mai rai? Ya kore ki da hagu, ya ba ki zobe da dama!"

Na sami Wannes washegari.

"Ka ce Griet ƙarya take, in aure ka gobe."

"Ba zan iya ba, rabin raina. Ba ƙarya take ba."

Na ajiye masa zobensa.

Ranar Ista na je cocin, na zauna can baya. Na zo ne in ji sun ɓata, ba zan ɓoye ba. Griet na gurbina, yatsan Wannes na kan kafaɗarta.

Suka fara.

Na kasa kunne in tsinci muryarta, ban same ta ba. Ban sami ta kowa ba. Murya ɗaya ce tak ta cika cocin, irin wadda ba mu taɓa samu ba ina cikinsu.

Ashe gaskiya ya faɗa. Wannan ya fi korar ciwo.

Sai da suka gama na lura hannuna na kan kafaɗata, ina buga wa kaina lokaci.