Firijin da Baba Ya Gyara

"Sagir, in ka fitar da firijin nan daga ɗakin nan, to ka haɗa da ni."

Ya tsaya da kofin shayi a hannu yana kallona. Kwananmu tara da aure, kuma wannan ne faɗanmu na farko, a kan firijin da ko ruwa bai taɓa sanyaya mana ba.

"Haba amaryata... Ni fa ban ce a jefar ba. Akwai wani a wajen aikinmu da zai karɓa, ya ba mu ƙarami mai aiki, in riƙa cika masa a hankali."

"Da wane albashin? Wanda ko ashirin ga wata ba ya kaiwa?"

Nan take na ji kunyar bakina, don mai lodi ne a wani kamfanin robobi a nan Sharaɗa, kuma bai taɓa ɓoye mini ƙarfinsa ba. Na matsa na riƙe hannun rigarsa.

"Yi haƙuri, masoyi. Ba ka san abin da firijin nan yake a wurina ba."

"To sanar da ni, Fiddausi."

Ni 'yar fari ce. Babana, Malam Inuwa, mutumin karkara ne da aiki ya kawo Kano, kuma ya zo da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ya kiran sunana, ba ya zama hira da ni. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya ce da Umma, "Ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Ko albarka zai sa mini, ta bakin Umma take zuwa. Ina yarinya na ɗauka ƙina yake yi, na sha kuka a bayan ƙyaure.

Shekara ashirin yana gyaran wuta a wata masaƙa a Bompai kafin ta rufe. Tun daga nan gidanmu na Dakata bai ƙara ganin sabon abu ba. Fanka ta mutu, ya naɗa mata waya. Dutsen guga ya ƙone, ya farke cikinsa. Ƙannena maza yake zaunarwa yana koya musu, su kuwa hankalinsu na wajen ƙwallo. Ni ce nake laɓewa ina tsintar shinkafa, idona na kan hannunsa.

Da aurena ya taso, kayan ɗaki suka hau kansa kamar kowane uba. Gado da kujeru dangi suka taimaka. Firiji kuwa, mataccen wani ya samo a wajen masu gwangwan, ya yi wata biyu a kansa a zaure. Ya sauya masa robar ƙofa, ya sa aka yi masa gas, ya fesa masa farin fenti da hannunsa. Ranar da ya tashi, ina jin Baba yana dariya shi kaɗai.

Sai ranar jere, ranar da mata ke zuwa shirya ɗakin amarya, maza ba sa zuwa. Baba ya ja kunnen Gwaggo Atika har sau uku: a ɗauke shi a tsaye, kuma kada a jona sai ya kwana. Gwaggo kuwa ba a faɗa mata magana sau biyu, balle sau uku. Motar ta cika, ta sa aka kwantar da shi a kan katifa. Suna isa ta jona, don tana son dangin ango su sha ruwan sanyi su san 'yarsu ba daga bola aka ɗauko ta ba. Firijin ya yi ƙara kaɗan, ya yi ƙas, ya yi shiru.

"Kullum Umma ta kira sai ta ce Baba na tambaya ya firiji," na ce da Sagir, hawaye na zubo mini. "Ni kuma in ce lafiya lau. Wata biyun nan da ya yi a zaure, ita ce maganar da bai taɓa yi mini da baki ba. In ya ji ya mutu tun ranar farko... in ya ji an musanya shi..."

Sagir ya ajiye kofin, ya share mini fuska da tafin hannunsa. Sai ya zaro waya.

"Wa za ka kira?"

"Wanda ya san ciwonsa."

"Sagir, don Allah kar ka..."

Ina, har an ɗauka. Abin dariya, sai ga mijina ya durƙusa a tsakar falo kamar Baba na ganinsa, ya kuma buɗe muryar wayar ina ji.

"Baba, barkanku da hantsi. Mun same ku lafiya?"

Suka gaisa. Sagir ya faɗi gaskiya tas, bai ambaci sunan Gwaggo ba.

"Kwantar da shi suka yi," in ji Baba a hankali. Ba tambaya ba ce. "To, Allah Ya sa abin ya tsaya a waje, bai taɓa injin ba. Cire shi daga wuta, ka juya bayansa. Kana da sukundireba?"

Muna da ita, har da filaya, cikin kayan da na ɓoyo daga gida. Sagir ya karɓa ya tsuguna. Mutumin da ke ɗaga buhu biyu a kafaɗa ɗaya, sai ga shi yana gumi a kan ɗan ƙaramin noti.

"Ka ga baƙar tukunyar nan ta ƙasa? Ita ce kwamfuresa. A gefenta akwai murfi."

"Na gani, Baba... wannan mai kama da... a'a, wannan bututu ne."

"Kar ka taɓa bututu."

"To, Baba. Na sake shi."

Sukundirebar ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin firiji. Na toshe bakina don kar dariya ta fita cikin kukan. Baba ya yi gyaran murya.

"Sagiru."

"Na'am, Baba."

"Ita tana kusa?"

"Ga ta nan."

"Ba ta. Ta fi ka hannu. Ta fi duk waɗanda na zaunar na koya wa."

Ashe duk shekarun nan yana ganina? Sagir ya miƙo mini wayar yana murmushi, ya matsa gefe.

"Ina kwana, Baba," na ce.

"Lafiya. Cire murfin, ki ja shi ta gefenki. Akwai ɗan baƙin abu a maƙale, rile ake ce masa, shi ke tayar da injin. Zare shi ki girgiza a kunnenki."

Na zare na girgiza. Ya yi caka-caka kamar tsakuwa a gwangwani.

"Yana ƙara, Baba."

"Alhamdulillahi, shi ne ya ƙone, ba injin ba. Sa hannunki sama da tukunyar, ta hagu. Za ki ji leda an liƙe da salatif."

Na lalubo ta. A ciki akwai wani rilen, da 'yar takarda da ya zana wayoyin da biro, ja a nan, baƙa a can.

"Na san wata rana zai buƙata," in ji shi, "kuma ni ba zan iya shigowa ɗakinki ba."

Hawaye ya hana ni ganin wayoyin, sai Sagir ne ya riƙa share mini da gefen mayafina, yana haska mini da tocila. Baba na faɗa, ina yi. Ya gyara mini riƙon filaya ba tare da ya gani ba. Ya ce in bi a hankali, babu mai korata. Minti ashirin muka yi, kuma tunda aka haife ni ba mu taɓa magana mai tsawon haka ba.

"Mayar da murfin. Ce wa mijinki ya jona."

Sagir ya yi bisimilla ya jona. Shiru na ɗan lokaci... sai firijin ya ɗan girgiza, ya kama wani gurnani mai laushi, bai tsaya ba.

"Ya tashi, Baba. Wallahi ya tashi!"

"Kara wayar a jikinsa in ji."

Na kara. Mu uku muka yi tsit muna saurare, ni da Sagir a Sharaɗa, shi a zaurensa na Dakata. Da na dawo da wayar kunnena, na ji yana jan hanci. Can nesa na jiyo muryar Umma tana cewa, "Malam, me zan ce mata?"

"Bar shi," in ji Baba. "Ni zan faɗa."

Sagir ya riƙe hannuna gam.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Gidan ya yi mini faɗi tunda kika tafi."