Bakanike da Kwalbar Tari

Ranar da ta fara ganinsa, tsaye yake a gaban kantar kemis ɗin da take aiki, hannuwansa duk baƙin mai, idonsa a rufe, gumi na tsattsafo masa.

"Malam, lafiya?"

Sai da ya ja numfashi sau goma kafin ya buɗe ido. "Maganin tari ne ya kawo ni. Amma ba ni filasta kawai."

Bakanike ne, watansa bakwai da daina shan kodin, maganin tarin nan mai sa maye. Daga baya ya ba ta labari: a cibiyar masu daina shaye-shaye da yake zuwa duk Laraba, likita ta koya musu kada su yi kokawa da ƙishirwar kwalbar. Su zauna, su saurari numfashinsu, su lura da inda take cizo a jiki, har ta lafa don kanta.

Kwalbar nan ce ta kashe yayanta, ita ce kuma ta tsinci gawarsa a banɗaki. Har yau takan ji kamar tarinsa ta bayan bango.

Amma zuciya ba ta neman izini. Yana kiranta Sanyina, tana tsokanarsa da Mai Sifana.

Da maganar aure ta taso, babanta kuwa ya ce allambaram. "Na binne ɗaya. Ba zan ba da ke ga wanda zan sake binnewa ba."

Ɗan ƙanwar baban, wanda ya daɗe yana sonta, ya ƙara rura wutar: wai ya ga bakaniken a lungun 'yan maye.

Kwana uku ba ta ɗaga wayar bakaniken ba. Sai saƙo ya shigo:

"Sanyina, gaskiya ne na je. Har kwalbar na riƙe. Na zauna a kan dakali ina jin yadda maƙogwarona ke ƙuna, sai da ya lafa na ajiye ta. Ban warke ba, koyo nake. Amma ba zan yi miki ƙarya ba."

Tana kuka ta miƙa wa babanta wayar. Ya karanta har ƙarshe.

"Yayanki bai taɓa faɗa min gaskiya ba," ya ce a hankali. "Ni ma ban taɓa ba shi damar faɗa ba."

Da Laraba ta zagayo, tsohon ya bi bakaniken cibiyar, ya zauna a kujerar baya.

Bayan shekara aka ɗaura aure. Babanta ya riƙe hannun ango gam.

"Duk ranar da abin ya nemi fin ƙarfinka, ɗana, ƙofata za ka fara bugawa. Allah ya yi muku albarka."