Kwalbar da Ta Sayo Masa

"Sha!" Ta dangwarar da kwalbar giyar kusa da keken ɗinkinta. "Don Allah ka sha, ka dawo min da mijina!"

Mijin nata, Mai Aski, ya tsaya turus a bakin ƙofa, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya kalli kwalbar, ya kalle ta. Ko girarsa ba ta motsa ba. Wannan kallon ne yake kashe ta... kallon da babu kowa a cikinsa.

Tare suka fara sha tun suna saurayi da budurwa. Tare kuma suka daina, ranar da hannunsa ya yi rawa ya yanki kunnen wani dattijo da aska.

A da in ya sha, tun daga tsakar gida take jiyo shi: "Fitilata! Ina hasken ɗakina?" Yanzu fa? "Sannu." "Na fita." Shi ke nan.

Ita kuwa nata halin juyewa ya yi. Zare ya tsinke, kuka. Maƙwabciya ta gaishe ta, kuka. Ga mantuwa, har hannun riga ta taɓa ɗinkewa ruf.

Da suka je asibiti, likita ta ce ƙwaƙwalwar da ta saba giya ke kunna mata farin ciki sai ta ɗauki lokaci kafin ta koyi kunna shi da kanta, kuma ba lallai ta mace da ta namiji su warke ta hanya ɗaya ba. Yayarta kuwa a waya cewa ta yi, "Ke ƙanwata, wace ƙwaƙwalwa? Kwalba ce take son ki, ba shi ba. Tattaro kayanki ki taho gida!"

Wa za ta gaskata? Akwatinta ma yana bayan ƙofa, ta cika shi rabi ta kasa ƙarasawa.

"Ke kika sayo?" ya tambaya a hankali.

"Ni ce! Ka taɓa ce min kana so na ba tare da ka sha ba? Sau ɗaya... faɗa min!"

Ya mayar da idonsa kan bango.

"Ka gani ko!" Hawaye suka ɓalle mata. Abin haushin, ita ma ƙishin giyar take ji. Shi ta sayo wa, ko kanta? Wallahi ba ta sani ba.

Ya ajiye jakar, ya wuce ta, ya zare wayar dutsen guga daga bango. Sai a lokacin ta ji ƙauri. Ta sake mantawa!

"Kullum da rana ina rufe shago in leƙo," ya ce. "Wani lokacin dutsen guga, wani lokacin murhu. Kina ɗaki kina kuka, ba kya ji na."

"Kai ne...? Na ɗauka ni nake kashewa."

"Ke? Ke da kika sa almakashi a firji?"

Dariya ta kubce mata cikin kukan, har da majina.

"Ba zan miki ƙarya ba, ba na jin komai a nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Abinci ba daɗi, hira ba daɗi. Ni ma tsoro nake ji. Amma ko ina tsakiyar aski, ƙafata nan take jawo ni. Ban san sunan wannan abin ba."

Ya ɗauki kwalbar ya nufi wurin wanke-wanke. Murfin ya ƙi buɗuwa.

"Ba zan iya ni kaɗai ba... zo ki riƙe min."

Ta ɗora hannunta a kan nasa, suka murɗe murfin tare, suka tuntsurar da kwalbar. Warin ya daki hancinsu, duk suka kau da kai, suka bar ta tana tsiyaya har ɗigon ƙarshe.

"Akwatin can fa?" ya ce, bai kalle ta ba.

"Na manta abin da ya sa na haɗa shi."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ba murmushi ba ne sosai, amma ta gani.

"Ƙarya kike... Fitila."