Dankali Mai Sa Amarya Kuka

A madafar Mama Saturnina, ɓerayen masar suna kai-komo a gindin murhu, aka ajiye wa Nelida dankali guda ɗaya a faranti. Kowa a ƙauyen ya san wannan dankalin, duk jikinsa ƙulu-ƙulu kamar dunƙulen hannu. Budurwar da ke son shiga gida sai ta fere shi da wuƙa a gaban uwar saurayi, ɓawo siriri, ba tare da ta ci tsokarsa ba.

Nelida ta karanci aikin gona a birnin Huancayo, ta dawo ta kafa rumbun iri na gari, inda matasa ke zama da tsofaffi suna rubuta sunayen dankalin kaka da kakanni kafin su ɓace. A can ta haɗu da Edilberto, autan Mama Saturnina, soyayya ta ƙullu. Amma rawar kan mai takarda ba ta barin mutum. Ran nan a madafar, sai ta buɗe jaka ta zaro abin feraya na kanti, kafin ka ce me, dankali ya fito sumul, rabinsa ya bi ɓawo.

Tsohuwa ta kwashe ɓawon ta jinjina a tafin hannu.

"Kin zubar da abincin yaro guda, 'yar boko. Wadda ta aske ƙullan dankali don ta huta, mu ma haka za ta aske mu."

"Mama, ki yi haƙuri, ban san..."

"Ba ki tambaya ba."

Nelida ta dubi Edilberto. Gogan naku ya ƙura wa takalminsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Sai a waje, tana kuka, ya rantse mata zai shawo kan uwarsa kafin girbi.

Girbi uku aka yi. Maganar tsohuwa ta yi wa Nelida ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne akwai gaskiya a ciki. Ta ajiye girman kai, ta shiga gayya, ta koyi zama a bayan tsofaffi tana tambaya kafin ta taɓa. Rumbu ya cika, samarin da ke shirin gudu birni suka sami abin yi. Mama Saturnina kuwa, wadda ta san iri fiye da ɗari biyu, ta hana ko ƙwaya ɗaya, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa.

Edilberto ya gaji da tsayawa tsakanin mata biyu, ya tafi Lima, babban birnin ƙasar, neman aiki. Waya ta fara ja baya, daga baya sai hoton ɗaurin aurensa da wata ya zagaya gari. Nelida ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, rana ta uku ta buɗe rumbu.

Da idanun tsohuwa suka fara dushewa, ta aika a kira Nelida. Buhunan iri na jibge, ba mai bambance su sai ita, ɗan kuma ko leƙowa ba ya yi.

"Matarsa ba ta taɓa taka gona ba," in ji tsohuwa. "Na kore ki don in tsare gidana, ga shi ba kowa a cikinsa. Ki karɓa, 'yata, kada su mutu tare da ni."

Nelida ta ji kamar ta tashi ta fita. Ta daɗe zaune, hawaye na zuba, sannan ta ɗauko littafinta.

"Fara da na farko, Mama. Yaya sunansa?"

Haƙurinta ya ceci irin garin, amma bai dawo mata da Edilberto ba. Iyaye, in yaro ya yi kuskure a gabanku, ku koya masa a ranar. Gyaran da aka jinkirta shekara uku yakan tarar da abin da ake tsarewa ya riga ya tafi.